Jar Ƙanƙarar Yaya

Litinin, 3 ga Afrilu

Zafi ya sauka gaba ɗaya. Tun hantsi kwanon ɗakinmu ke ƙas-ƙas kamar ana tafiya a kansa.

Yau ma Yaya ba ta ci komai ba. Na haɗa mata shayi, na fifita shi har ya huce, ta kai baki ta mayar. Wai kamar garwashi. Na ce ta buɗe in haska da fitilar waya. Da ma ban duba ba. Harshe, dasashi, cikin kumatu, duk sun saɓule. Maganin da ake ɗura mata ta jijiya saboda ciwon dajin maƙogwaron, shi ya kwashe gashin kanta, yanzu ya dawo kan baki.

Ita ta raine ni bayan Innarmu ta rasu, da keken ɗinkin can da ke lulluɓe a lungu. Yanzu ni ke riƙe mata kofi. Mijinta na kan hanya da tirela, sai dai waya. Rubutuna ba kyau, makarantar ma ban yi nisa ba, amma takarda ba ta cewa "sai haƙuri". Na gaji da jin kalmar nan.

Laraba, 5 ga Afrilu

Asibiti. An ɗora ta a sikeli, likita ya duba lambar. Ya ce in ta ci gaba da ƙin abinci za a zura mata roba ta hanci har ciki, a riƙa ɗura mata. Yaya ta ce, da muryar nan da ta koma ta tsohuwa, "Likita, ni ba tankin mota ba ce." Ya yi dariya. Ita ba ta yi ba. Matar da suka kwanta gado kusa da gado wancan watan, da robar a hanci aka fito da gawarta, Yaya na kallo. Tun ranar ta sa a ranta duk wanda aka sa wa robar nan an gama da shi.

Wata nas doguwa, mai ɗora tabarau a goshi, ta ja ni gefe. Ta ce a gwada abu mai sanyi sosai, ƙanƙara tana kashe zafin gyambo, a sa madara da sukari a ciki don jiki ya samu abin riƙewa. "In tana sha, za mu ɗaga mata ƙafa. In ba ta sha, kai ne idonmu a gida. Kar ka rufa mata, ka ji ko?" Na ce na ji. Ta buɗe durowa ta ba ni ɗauri guda na 'yan katakon nan da suke danne harshe da su, sababbi a leda. Wai in yi tsinken riƙewa da su.

Alhamis, 6 ga Afrilu

A ɗakin sanyin da nake dako, inda ake ajiye 'ya'yan itace kafin a rarraba wa manyan shaguna, yau an sauke sitiroberi. 'Yan jajaye, da ƙananan ƙwayoyi a jiki da hular ganye a ka. Ba su da juriya ko kaɗan, ka danna da yatsa gobe wurin ya yi baƙi. Na ƙasan kwali kullum a matse suke zuwa, su ake warewa a zubar. Na tambayi maigidanmu, wanda muke kira Kar-a-taɓa a bayan idonsa, ko zan iya ɗiba. Ya dube ni, ya dubi kwandon shara. "Tun yaushe ɗan dako ya fara cin abin masu mota?" Na ce yayata ce ba lafiya. Ya juya baya, ya ce shi bai ga komai ba.

Ina shiga ɗaki Yaya ta ɗago kai daga filo. "Auta, me ke ƙamshi a jikinka?" An daɗe duk abin da ya shigo ɗakin nan amai yake sa ta, har sabulu. Na miƙa mata ɗaya, ta riƙe a hanci ta lumshe ido. Ba ta ci ba. Amma ba ta kawar da kai ba.

Asabar, 8 ga Afrilu

Gwajin farko. Ba mu da injin markaɗe, da bayan cokali na murƙushe su a kwano. Madara, sannan sukari mai yawa, don in ta sha kaɗan ya zama kamar ta sha da yawa. Dabarata kenan. Na zuba a 'yan kofunan yogot da na wanke, na tsayar da tsinke a kowanne, na tura saman firijinmu inda yake ƙanƙara.

Da la'asar na buɗe. Tsinkayen duk sun kwanta a gefen kofi, abin kuma bai daskare ba, sai caɓi kamar taɓo. Na kai mata ta gani. Ta ce, "Ji su, duk sun kishingiɗa, kamar mijina in ya dawo daga tafiya." Ta so ta yi dariya, bakin ya hana. Ta riƙe kumatu da hannu biyu kafaɗunta na girgiza.

Lahadi, 9 ga Afrilu

Matar mai shagon bakin layi tana yin ƙanƙarar leda ta sayarwa, na je na tambaye ta. Ta ce sukari in ya yi yawa ƙanƙara ba ta kamawa. Tsinke kuma ba a sa shi da wuri, sai abin ya fara kama jikinsa, ya yi kamar laka mai tauri, sannan ka soka a tsakiya ya tsaya da kansa. "Jira ake yi, ɗan samari, ka cika gaggawa." Ni da kowa ke cewa na cika sanyin jiki. Ta ce in matsa lemun tsami kaɗan, yana tada ɗanɗano.

Talata, 11 ga Afrilu

Lemun tsami. A bakin da ba fata. Ko tunani ban yi ba.

Lasa ɗaya ta yi ta saki, ta dafe gado da hannu biyu, hawaye na zuba ba sauti. Ga ƙwayoyin nan ƙanana sun shige cikin gyambon. Da jiƙaƙƙiyar auduga na riƙa ciro su ɗaya-ɗaya, tana riƙe da wuyan hannuna, farcenta ya shiga. Da na gama, magana ta gagara, sai ta nuna ni, ta nuna ƙofa, ta yi alamar kora da bayan hannu kamar yadda ake korar kaza. Wasa take yi. Har a lokacin.

Na fita bayan ɗaki na daɗe a tsaye.

Juma'a, 14 ga Afrilu

Ta sha. Guda cur.

Bari in rubuta yadda na yi kar in manta. A cire hular, a yanke inda ya yi baƙi, a wanke da ruwan da aka tafasa ya huce. A murƙushe. A tace da ƙyalle mai laushi, ni ragowar yadin mayafi na ɗauko a kwandon ɗinkinta na dafa shi, a yi ta matsa har sai ƙwayoyin kaɗai sun rage a ciki. Madara mai kauri. Sukari ɗan daidai. Ba lemo, ba lemo, ba lemo. A bari ya fara kamawa kafin a soka tsinke. In za a cire, a murza kofin a tafin hannu, zai saki da kansa. In ka ja da ƙarfi tsinken ne zai fito ya bar ka da kofi.

Ta fara ɗora shi a leɓe har wurin ya mutu, sannan ta tura ciki. Ina jin ƙarar haɗiyar, kamar famfon da ruwa ya daɗe bai zo ba, amma yana wucewa. Ban yi motsi ba kar in ɓata. Da ta gama ta ajiye tsinken a faranti, duk ta tattaune kansa ya yi burushi. Halinta ne tun ina yaro. Biro, ashana, bakin tef ɗin awo, zare kuwa ba ta taɓa nema masa almakashi ba. Duk abin da ya shiga bakin Yaya sai ya fito da tambarin haƙoranta. Katin shaidata na wajen aiki ma akwai cizonta a kusurwa, ranar da ta riƙe min shi tana ɗinke min aljihu.

Ta ce, "Kai ba za ka sha ba?" Na ce ni da nake wuni a ɗakin sanyi me zan yi da ƙanƙara. Gaskiyar ita ce 'ya'yan ba su da yawa, in an yanke baƙin sai ka ga rabi ya tafi. Ko cokalin ban lasa ba.

Lahadi, 16 ga Afrilu

Kafin in tafi aiki nakan bar mata a firiji, ita ke ɗauka da kanta. In na dawo, kafin in cire takalmi farantin nake fara dubawa. Tsinkaye a tattaune. Sai in ji yunwa ta kama ni, a lokacin nake tuna ban ci komai ba tun safe.

Yau da yamma har ta fito bakin ƙofa ta zauna a kujera, ɗankwali a ɗaure har gira. Wata da ta taɓa kawo mata ɗinki ta wuce, ta ce, "Tela, jan baki kika shafa? Lallai sauƙi ya samu." Yaya ta ce, "Ƙanina ne ke min kwalliya yanzu." Da muka shiga ta ce in yaye wa keke lulluɓi ta gan shi. Ta juya wilin da hannu, ta kasa kunne, ta ce yana son mai.

Mijinta ya kira. Na ce tana sha. Ya ce, "Madalla, Auta, kai ne namijin gidan," sai layi ya yanke. Ko shi ya yanke.

Talata, 18 ga Afrilu

Gwaggo ta zo, ƙanwar Babanmu, da robobin jiƙe-jiƙe a jaka. Ta buɗe firiji za ta sa ruwa ta ga kofunana a jere. "Wannan fa?" Na gaya mata. Ta tafa hannu. "Mai ciwon wuya ake ba ƙanƙara? Kai ɗan nan, sanyin wajen aikinku ya taɓa maka kai ne? Ƙarasa ta za ka yi?" Na ce nas ce ta ce. Ta ce nas ɗin ita ta haife ta?

Na dawo daga ɗebo ruwa na tarar ta juye su duka a kwata. Kwatar ta yi ja har bakin ƙofa, ƙudaje sun taru. Na tsince kofunan na wanke na kife. Jiƙon da ta kawo ko ƙofar baki bai wuce ba. Da ta tafi, Yaya na kallon bango ta ce, "Kar ka ji haushinta. Ita ma abin da ta iya kenan."

Gobe akwai saukar kaya.

Alhamis, 20 ga Afrilu

An ɗauke wuta tun safe. Na roƙi Kar-a-taɓa ya ɗan sake ni, na yi gudu gida, na kwashe kofunan a bokiti na rufe da tawul, na kai firizar matar mai shago, ita tana da janareta. Ƙanƙarar da ta narke ta sake kamawa takan yi ƙaya-ƙaya, tana yankan baki. Ba zan ba ta wannan ba. Matar ta matsar da kifinta ta ba ni lungu. Na ce Allah Ya sa kar su ɗauki ƙarni. Ta ce, "Kifina ya fi ka tsafta, ji yadda kake zufa."

Yanzu kunnena ya koyi ƙugin firijinmu. Ko ina banɗaki, in ya tsaya jikina ya sani. Bokiti da tawul a bayan ƙofa suke zama.

Litinin, 24 ga Afrilu

Asibiti. Sikeli ya sake ja baya. Likita ya ce tana cin wani abu kuwa? Yaya ta nuna ni da haɓa. "Tambayi Auta." Na ce tana shan ƙanƙarar madara, safe da rana da yamma, tas take shanyewa. Har da ɗaga murya na faɗa, ina ji da kaina. Nas doguwa ta sauko da tabarau kan hanci ta dube ni. "Da idonka ka gani?" Na ce ina ganin tsinkayen. Aka ɗage maganar roba zuwa wani zuwan.

A mota Yaya ta dafa gwiwata. Hannun ba nauyi, kamar ba kowa a cikinsa.

Laraba, 26 ga Afrilu

Wani abu na damuna, na kasa kama shi. Na wanke faranti na tsaya da shi a hannu.

Asabar, 29 ga Afrilu

Tsinkayen ne. Sumul suke dawowa. Ba haƙori ko ɗaya, kamar yanzu aka ciro su daga leda, sai dai jan da ya rine rabinsu. Tun yaushe? Na zazzage gwangwanin madarar da nake jefa su. Na ƙasa a tattaune, na sama lafiya lau. Na saman sun fi yawa.

Na tuna kuma, kwanan nan in na kawo mata na zauna, sai ta ɗora a leɓe ta ce, "Je ka yi wanka, kana warin kwali." Ko ta aike ni sayen abin da muke da shi a ɗaki.

Watakila haƙoran ne ke mata ciwo. Watakila.

Talata, 2 ga Mayu

Kiyashi. Layi guda tun daga ƙofa, ta ƙarƙashin gado, har kwandon ƙyallayen ɗinki. Na jira ta shiga banɗaki na ɗaga na sama. Na ƙasa duk a jiƙe, jajaye, sun manne da juna. Na ce jini ne. Na kai hanci. Sitiroberi ne, da madarar da ta yi tsami.

Na ji daɗi da ba jini ba ne. Sannan na zauna a ƙasa na gane abin da nake jin daɗinsa.

Riƙe shi take yi a kan ƙyalle har ya narke, ta ajiye min tsinke a faranti. Ni kuma na ɗauki tsinken na kai wa likita shaida. Da bakina aka ɗage robar.

Na mayar da ƙyallayen yadda suke. Ta fito tana bin bango, ta zauna tana haki, ta ce, "Na yau ya fi na jiya daɗi." Na ce to.

Alhamis, 4 ga Mayu

Na yi sabo. Na kai mata. Na tafi wanka da kaina, ba ta aike ni ba. Na daɗe ina zuba ruwa a ƙasa don ta samu lokaci. Da na fito ga tsinke a faranti, na ce sannu da ƙoƙari, ta ce yauwa.

In na faɗa, za a sa mata abin da take tsoro fiye da komai, kuma ni na kai ta. In na yi shiru, ina kallo za ta ƙare, ina tsaye da kofi a hannu. Zoben da ke babban yatsanta yanzu zare ta naɗa masa don kar ya faɗi. Na kira mijinta, ya ce yana kan iyaka, layin motoci ba ya motsi, "duk abin da ka ga ya dace, Auta." Gwaggo kuwa cewa za ta yi ai ta faɗa.

A wajen aiki na sauke kwali a kan ƙafar abokin aikina. Ya zage ni da kyau. Na so ya ƙara.

Lahadi, 7 ga Mayu

Yau na zauna ban tashi ba. Ta ce wanka, na ce na yi. Ta ce ashana, na nuna mata kwalin a kan taga. Ƙanƙarar na narkewa tana bin hannunta har gwiwar hannu, tana ɗiga a zani, muna kallon juna. Sai ta gutsura kaɗan, don ni. Ta yi ta ƙoƙari, wuyan na motsi, idanu sun firfito. Ya dawo ta hanci. Tari, tari, na riƙe ta ta baya ina jin haƙarƙarinta ɗaya-ɗaya. A ƙyallen da ta toshe baki akwai ja iri biyu. Wannan karon ban buƙaci shinshinawa ba.

Da numfashi ya dawo ta ce, "Ko yawu sai da dabara yake wucewa. An kwana biyu." Na ce me ya sa ba ki faɗa ba, Yaya. Ta ce, "Na ga yadda kake duba farantin nan kafin ka cire takalmi." Can kuma ta ce, "Da robar." Ta kama bakin rigata. "Auta, kar ka gaya musu. Ban taɓa roƙonka komai ba."

Gaskiya ne. Ba ta taɓa ba.

Litinin, 8 ga Mayu

Na gaya musu.

Laraba, 10 ga Mayu

An kwantar da ita, an sa robar. Ban shiga ba, daga baranda nake jin ta. Nas doguwa ta fito tana cire safar hannu, ta ce na yi daidai, da ma an zo da wuri. A hankali ta faɗa. Da ta yi min tsawa da ya fi min sauƙi.

Yaya ba ta kalle ni ba. An manna robar a kumatunta da filasta, abincin na sauka daga leda, launin ruwan wanki. In na zagayo ta dama sai ta juya hagu. Gwaggo na gefen gado tana mata fifita, ta ce, "Ka ga abin da ƙanƙararka ta jawo." Na kwashi kwanuka na fita wankewa, duk da a wanke suke.

Asabar, 13 ga Mayu

Har yau ba ta ce min uffan ba. Da Gwaggo tana magana da hannu, da nas ma. Mijinta ya iso jiya, ya tsaya a ƙofa da hula a hannu, ƙaton mutum, ya kasa ƙarasowa. Shi ta yi wa murmushi.

Kar-a-taɓa ya turo min kwali guda da ƙafa, ba matsattsu ba, masu kyau, wai sun tsare masa hanya. Ban san me zan yi da su ba. Na kai gida na yi abin da na saba. Cirewa, wankewa, tacewa. Na zauna gaban firiji ina jiran lokacin soka tsinke, a ɗakin da ba kowa. Hannu ne ke yi, ba ni ba.

Talata, 16 ga Mayu

Likita ya kira ni da mijinta ofis. Ya yi magana mai tsawo. Abin da na fahimta, ciwon ya sauka ƙirji, robar ba za ta juya komai ba, sauƙi kawai ake nema mata. Mijinta ya yi ta cewa "to, to, to" kamar ana masa kwatancen hanya.

Wato roƙo ɗaya tal ta yi min, na karya shi a banza. Nas ta ce ba a banza ba, ko ba komai yunwa ta daina cin ta. Ban sani ba.

Juma'a, 19 ga Mayu

Leɓenta ya bushe ya tsattsage. Ɗakin marasa lafiya kamar tanderu, fanka ɗaya ce ke juyawa, ita ma iskar zafi take rabawa. Nas ta ce a riƙa jiƙa mata baki. Na koma gida na ɗauko biyu a kula, ban tambayi kowa ba. Gwaggo ta buɗe baki, mijin Yaya ya ce, "Gwaggo, ƙyale shi." Ta ƙyale.

Na murza kofin ya saki. Na ɗora mata a leɓe kawai. Ban ce ki sha ba, ban ce daure ba. In ya fara gangarowa in goge da ƙyalle, in sake ɗorawa. Ta daɗe ido a rufe. Sannan ta buɗe ta dube ni, karon farko tun ranar. Bakinta ya motsa, na kai kunne.

"Magulmaci."

Na ce na'am.

"Ɗayan fa?" Na ce na anjima ne. Ta ce, "Sha. Ni tun na farko ban ji ɗanɗanon komai ba, sanyin kawai. Gaya min yadda yake."

Na cire shi na riƙe. Na ce mata yana da zaƙi, yana da ƙamshi, ya yi daidai. Ta kalli ƙanƙarar da ko lasa ban yi ba, ta kalle ni. "Ko ƙarya ba ka iya ba. Ni na raine ka kuwa?"

Ta riƙe ɗan yatsana har barci ya ɗauke ta. A hannuna ɗayan ya narke.

Lahadi, 21 ga Mayu

Yaya ta rasu da hantsi. Ina riƙe da ƙafarta.

Za su turo ta haka da robar a hanci, na tsaya a ƙofa na ce sai an cire robar. Ban taɓa tare wa kowa hanya ba sai yau. Nas doguwa ta cire da hannunta, ta goge wurin filastar da auduga.

Laraba, 24 ga Mayu

Mutane, tabarmi, "sai haƙuri". Gwaggo ta same ni a bayan ɗaki inda ba mai gani, ta kama kaina ta haɗa da kafaɗarta, ta ce, "Ka yi mata, ɗan nan. Ka yi mata." Mijinta zai koma hanya jibi. Ya ce keken nawa ne in ina so. Na zubar da ƙyallayen kwando, na wanke ƙasa, kiyashin sun daina zuwa. Gwangwanin tsinkaye ban taɓa ba.

Akwai sauran kofuna a saman firiji. Ba na buɗe wurin.

Lahadi, 28 ga Mayu

An ɗauke wuta da azahar. Firiji ya yi shiru, kafin in ankara ina tsaye da bokiti da tawul, takalmi a ƙafa ɗaya. Na daɗe a tsakar ɗaki haka. Sannan na mayar da bokitin bayan ƙofa.

Na zauna a bakin gado. Zafi kamar me. Can na ce asara ce a bari su narke. Don asarar ce kawai, ba wani abu ba. Na ɗauko ɗaya, ba sai an murza ba, ya riga ya fara saki.

Sanyin ya hau min har goshi. Akwai ɗan tsami a ƙarshe, da ƙarnin kifin matar mai shago can nesa. Amma ƙamshin na fitowa ta hanci, kamar ranar da na fara kawo su. Ban san na yi magana ba sai da na ji muryata a ɗakin. "Sukari ya yi kaɗan, Yaya."

Sauran na miƙa wa maƙwabta ta katanga kafin su lalace. Gobe akwai saukar kaya. Ban ce zan ɗebo ba. Kofunan dai na wanke na kife.

Da na zo ɗauke tsinken in yar, na ga kansa ya yi burushi. Ban san lokacin da na yi ba. Na sa shi a gwangwani.